Filin Lafiyarmu: Me zai kai mai lafiya gwajin ciwon daji?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan ciwon daji suke, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 38, ina da 'ya'ya shida. Kwanakin baya ma'aikatan lafiya sun zo makarantar 'yata mai shekara 11 domin yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar mahaifa, sai na hana a yi mata, saboda ana ta raɗe-raɗin cewa tana hana haihuwa. Daga baya wata ungozoma ta ce ni ma ya kamata a duba ni, alhali ba abin da ke damuna. Maigidana ya ce mai lafiya ba ya neman ciwo da kuɗinsa. Mene ne gaskiyar lamarin? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar maigida tana da daɗin ji, amma ba ta dace da wannan ciwo ba, domin sankarar bakin mahaifa tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 tana ginuwa a jikin mace ba tare da zafi ko wata alama ba. Kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu sosai har ma yawancin mutane sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu, jikinsu ya kawar da ita ba su sani ba. Saboda haka samunta a jikin mace ba shaida ba ce ta rashin kamun kai, na faɗi wannan ne domin na san abin da ke hana mata da yawa buɗe baki. A wasu matan ƙwayar takan zauna daram, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Lokacin da jini ya fara zuwa bayan saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada, ko ruwa mai wari ya riƙa fita, sau da yawa ciwon ya riga ya yi nisa.

Gwajin da ungozomar take nufi ba ya wuce 'yan mintuna. Za ki kwanta, ma'aikaciya ta sa ɗan abin buɗewa domin ta ga bakin mahaifa, ta shafa ruwan khal (wato binega) da auduga, ta jira kamar minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari fat, ya bambanta da sauran fatar. Idan an ga haka, a wurare da dama ana iya ƙone wurin da wata 'yar na'ura mai ɗumi a wannan zaman, mace ta koma gida da ƙafarta, mahaifarta kuma tana nan. Akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi fifitawa, ta ce a fara shi daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mace mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa daga shekara 25 za ta fara, kuma tazarar gwajinta ta fi gajarta. Kina da damar neman mace ta duba ki, kuma wannan ita ce maganar da za ki fara kai wa maigida, domin a ganina ita ce ainihin damuwar yawancin maza, ko da sun fake da kuɗi.

Game da 'yarki, Najeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, kyauta, sau ɗaya tak, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. An zaɓi wannan shekarun ne domin allurar ta fi aiki kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar. Tana karewa daga nau'in HPV na 16 da na 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. Tun 2006 ake yin ta a ƙasashen duniya, an yi wa miliyoyin 'yan mata waɗanda da yawansu yanzu iyaye ne, kuma bincike bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne ciwon kansa, idan ya kai ga cire mahaifa. A 2020 kaɗai an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu da shi a Najeriya, 8,000 kuma sun rasu. Ki kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ki tambayi ranar rigakafi.

Tambaya: Yayana ya rasu bara yana da shekara 44. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, likitoci suka ce dajin hanta ne, duk da bai taɓa shan giya ba. 'Yan uwa na cewa sammu aka yi masa. Shin ciwon gado ne, kuma me ya kamata mu yi? (Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya jiƙansa, Malam, ya ba ku haƙuri. A ƙasashen Turai giya na cikin manyan dalilan dajin hanta, amma a yankinmu babban dalili shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda akasari ake ɗauka tun ana jariri ko ƙaramin yaro, daga uwa lokacin haihuwa, ko daga jinin wani yaro, ko daga aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski, kaciya, tsaga, ƙaho ko cire beli da ita. Babban da ya ɗauka yakan warke da kansa galibi, amma jarirai kusan 9 cikin 10 sukan rayu da ƙwayar har abada, tana cin hanta a ɓoye shekara talatin ko arba'in. Wannan ne ya sa ciwon ke kama da na gado: 'yan ɗaki ɗaya sukan ɗauke shi daga tushe ɗaya. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Abin yi a bayyane yake. Kai da duk waɗanda kuke uwa ɗaya, da matan marigayin da 'ya'yansa, ku yi gwajin jini, wanda ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi, allura uku cikin wata shida. Wanda aka samu da ita ya ga likitan hanta, domin ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba, amma ga wanda ke buƙata akwai ƙwayoyi irin su tenofovir da ke danne cutar, su rage haɗarin daji ƙwarai. Likita kan sa a riƙa hoton ciki duk bayan wata shida ga wanda haɗarinsa ya yi yawa. Duk jaririn da aka haifa a gidanku a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 na farko, ko da a gida aka haihu, kada a jira ranar suna.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga wani abu da ya shafi rumbu da buhu. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wani dafi da ake kira afalatoksin, wanda dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Idan ya haɗu da ciwon hanta a jikin mutum ɗaya, haɗarin daji yakan ninka sau da yawa. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince a gefe, mai ɗaci da ta yamutse ko ta yi baƙi, ita ce ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli ko a zuba a miya. A busar da amfanin gona sosai a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, wadda ta lalace kuma a zubar da ita.

Tambaya: Na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, wata uku ke nan, ba ya zafi. Gwaggona ta ce kada in kuskura in je asibiti, domin daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi sai ya bazu. (Wata malamar makaranta daga Azare)

Amsa: Malama, ki je asibiti cikin makon nan. Yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabewa, sai an yi hoto an kuma ɗebi ɗan abin da allura an duba a ɗakin gwaji. Rashin zafin bai kamata ya kwantar miki da hankali ba, domin dajin nono a farkonsa haka yake. Ki lura kuma ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko akwai kaluluwa a hammata, ki gaya wa likita.

Maganar Gwaggo tana da asali, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ta ga matan da aka yi wa aiki suka rasu ba da jimawa ba. Abin da ba ta gani ba shi ne watannin da suka shafe ana shafe-shafe da turare a gida, har ciwon ya kai huhu da ƙashi kafin wuƙar likita ta taɓa su. Ƙullutun da aka cire yana ƙarami, kafin ya fita daga nono, mafi yawan masu shi suna rayuwa shekaru masu yawa. Idan zai yiwu ki tafi da ita, ta ji daga bakin likita.

Tambaya: Ana turo mana saƙo a WhatsApp cewa ruwan zafi da lemon tsami da barin sukari suna kashe kansa. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗan uwa, babu abinci ko abin sha da ke kashe dajin da ya riga ya kama. Rage sukari yana da amfani ta wata fuskar, domin ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin dajin hanji da na nono da na mahaifa, haka kuma cin ganye irin su zogale da rama, da wake da hatsin da ba a surfe shi tas ba, da yawan tafiya a ƙasa, duk suna taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji, kuma mafi girman abu guda a ciki shi ne taba, wadda hayaƙinta ke ɗauke da sinadarai kusan 70 masu jawo daji. Shisha ma taba ce, ruwan da ke cikin tulunta ba ya tace dafin. Idan kuma ka taso kana wanka a kududdufi ko dam har ka taɓa fitsarin jini, ka je a duba ka a ba ka maganin tsargiya, domin idan ta daɗe a mafitsara tana iya zama daji, maganinta kuwa ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya.