Tambayoyin Masu Karatu: Me ya sa `if` ɗina take ƙin aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubuta umarnan Bash a kwamfutata mai Ubuntu. Na rubuta `if [$amsa = "eh"]` sai ta ce min "command not found". Kuma na ji wai sifili gaskiya ne a Bash, alhali a Python ƙarya ne. Kaina ya ɗaure.
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyinka biyu tushensu ɗaya.

`if` a Bash ba lissafi take aunawa ba. Umarni take gudanarwa, sannan ta duba lambar da ya bari bayan ya gama, daga 0 zuwa 255. Sifili na nufin aiki ya tafi lafiya, sauran lambobin kuma suna nuna irin matsalar da aka samu. Ɗauki `grep`, umarnin neman kalma a cikin fayil: in ya ga abin da kake nema ya bar 0, in bai gani ba 1, in fayil ɗin ma babu shi 2. Rubuta `echo $?` bayan kowane umarni ka gani da idonka.

To, ita ma alamar `[` umarni ce, tagwayen `test`. Duba cikin `/usr/bin`, za ka tarar da fayil mai wannan suna. Da ka manna ta da `$amsa`, sai Bash ta shiga neman wani umarni wai shi `[eh`, ta rasa. Ga yadda za ka rubuta, da tazara bayan `[` da kuma kafin `]`:

`if [ "$amsa" = "eh" ]`

Kada ka yi wasa da alamomin zancen nan. In mutum ya danna Enter bai rubuta komai ba, kuma babu su, abin zai koma `[ = eh ]`, kuskure ya fito.

Wanda ya fi ci min rai shi ne `>`. Na taɓa rubuta `[ $cika > 90 ]` don a gargaɗe ni in faifan ajiya ya kusa cika. Kullum dare sai gargaɗi ya shigo, alhali ko rabi bai kai ba. Ashe Bash ta ɗauki `>` a matsayin "zuba a fayil", ta ƙirƙiri fayil mai suna 90, sharaɗin kuma kullum ya cika. Lambobi da `-gt` (ya fi), `-lt` (bai kai ba) da `-eq` (daidai) ake kwatanta su.

Za ka ga wasu suna amfani da `[[ ]]`, ni ma na fi son ta don ta fi yafiya. Amma tun 2006 umarnin `sh` na Ubuntu ba Bash yake kira ba, wani mai gudanar da umarni ne daban mai suna dash, kuma dash bai san ta ba. Sai ka fara fayil ɗinka da `#!/bin/bash` don Bash ce ta gudanar da shi.