Amsa: Cin abincin gargajiya a Bahamas

Malam, ka tambayi inda za ka ci abincin 'yan ƙasa a Nassau, babban birnin Bahamas, da abin da Musulmi zai kiyaye. Ka nufi Arawak Cay, wurin da suke kira Fish Fry, ko rumfunan Potter's Cay ƙarƙashin gadar Paradise Island.

Abincin da suka fi alfahari da shi conch ne, wani babban dodon koɗin teku. Ɗanye ake yanka shi, a haɗa da albasa, tumatir, attarugu da ruwan lemun tsami. Ka tsaya a yi a gabanka, kuma a wanke da ruwan famfo, domin wankin ruwan teku kan bar ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Idan cikinka ba ya jurar ɗanye, nemi cracked conch, wanda ake bubbugawa ya yi laushi a soya.

Shinkafa da wakensu, peas n' rice, sau da yawa da naman alade ake dafa ta, don haka ka tambaya. Ana zuba wa guava duff, wani kayan zaƙi na gwaiba, romon giya; sky juice, abin sha na ruwan kwakwa, shi ma akwai barasa a ciki. Sha switcha, ruwan lemun tsami ne da sukari.

Dalarsu daidai take da ta Amurka, kuma gidajen abinci da yawa kan ƙara kashi 15 na ladan hidima a takardar kuɗi.