Yarona ya farka daga allurar barci bai gane ni ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ɗana ne ɗan shekara 4 aka yi masa aikin kaba, da ya farfaɗo wallahi sai ihu da shure-shure, ya fizge robar ƙarin ruwa, ina kiran sunansa ko kallona ba ya yi, kakarsa har ta ce iska ce ta taɓa shi. Bayan kamar minti 20 ya dawo daidai. Na ji an ce wai kumburi a jini ne ke jawo haka, gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki kwantar da hankalin Hajiya, ba iska ba ce, ruɗewa ce da yara ke yi in suna fita daga maganin barci, an fi ganinta a 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman in maganin barcin da ake shaƙa mai suna sevoflurane aka ba su ko kuma yaron ya shiga ɗakin tiyata a tsorace yana kuka. Wannan ƙin kallon naki da ya yi shi ne ma abin da muke dubawa, akwai ma'auni mai suna PAED da aka fitar a 2004, abu biyar ne a ciki, na farkonsu ko yaro na haɗa ido da mai kula da shi.

Zancen jini kuwa akwai ƙamshin gaskiya. Duk yanka, komai ƙanƙantarsa, jiki na ɗaukarsa rauni ne, sai ya saki sinadaran kumburi irin su IL-6, hanta kuma ta ƙara fitar da wani sinadari mai nuna kumburi da ake kira CRP, fararen ƙwayoyin jini su ma lissafinsu ya sauya, to a tsofaffi an sha ganin waɗanda waɗannan suka hau musu sosai sun fi ruɗewa bayan aiki, shi ya sa yanzu ake bincika abin a yara. Amma fa ni ba zan ce ki je ki kashe kuɗi a gwajin jinin ba, CRP ko mura ce sai ta ɗaga shi, kuma yaron da ya warware cikin minti 20 ba abin da zai nuna miki.

Abin da nake so ki riƙe, in za a sake yi masa wani aikin ki faɗa wa likitan barci tun kafin ranar, akwai magani irin su dexmedetomidine da ke rage abin. In kuma kin ga zazzaɓi ko jijjiga ko ruɗewar ta dawo a gida, kar ki jira gari ya waye, ki mai da shi asibiti.