Idan wuta za ta cinye duniya, mene ne na damuwa da kogin Offin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kejetia da ke Kumasi, a Aboabo nake zaune. Maƙwabciyata a shago Kirista ce, mun daɗe tare, har ajiyar kuɗi muna ba juna. Ɗanta ya tafi galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wajen Manso. Da na yi mata maganar yadda ruwanmu ya lalace, sai ta ce ai duniyar nan ba gida ba ce, wuta ce za ta cinye ta, kuma kafin nan za a ɗauke masu bi zuwa sama kamar yadda ake nunawa a fim. Shin haka addininsu ya koyar? Ba gardama nake nema ba, so nake in gane.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maƙwabciyarki ba ƙirƙirar maganar ta yi ba, ana jin irinta a wasu coci-coci da waƙoƙin jana'iza. Sai dai ba ita ce tsohuwar koyarwar Kiristanci ba, kuma manyan ɗarikunsu ba su tafi a kanta ba. Abubuwa biyu ta haɗa, ƙonewar duniya da ɗauke masu bi, kowanne da inda ya fito.

Mu fara da abin da Kirista yake sa rai da shi bayan mutuwa, domin nan ne tushen. Bayanin bangaskiya da aka kammala a taron Kustantiniya a shekarar 381, wanda Katolika da Anglikan da Methodist da Presbyterian suke karantawa har yau, ya rufe ne da sauraron tashin matattu da rayuwar duniya mai zuwa. Tashi da jiki ake nufi, ba rai ya tsere daga jiki ya yi ta shawagi cikin gajimare ba. Bulus ya ɗauki babi na 15 na wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa yana wannan bayani. A Wahayin Yahaya babi na 21 kuma, wurin da aka fi kwatanta ƙarshen al'amura, birni mai tsarki ne yake saukowa daga sama, Allah ya zauna tare da mutane a sabuwar duniya. A babi na 22 akwai kogi mai tsabta yana gudana a tsakiyar birnin, da itace a gefensa wanda ganyensa magani ne ga al'ummai. A Romawa 8:19-22 Bulus ya ce halitta kanta tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran a 'yanta ta daga ruɓa. Wanda ake jira a 'yanta ba shi ne wanda za a jefar a bola ba.

To ina wutar? Tana nan a wasiƙar Bitrus ta biyu, babi na 3, kuma ayar ba ta da sassauci: sammai za su shuɗe da ƙara, abubuwa su narke da zafi. Akwai malaman Kirista, har cikin na dā, da suka fahimci hallaka ce baki ɗaya, sannan a yi sabuwar halitta. Amma mafi yawa sun lura da cewa Bitrus ya kwatanta wannan wuta da ruwan tufana na zamanin Nuhu, inda ya ce duniyar wancan lokaci ta hallaka da ruwa. Kin san kuwa da ruwan ya janye, a kan ƙasar nan dai jirgin ya sauka. Mugunta aka share, ƙasa ta tsaya. Shi ya sa suke ɗaukar wutar a matsayin ta tsarkakewa. Ko ma wace fahimta mutum ya bi, Bitrus da kansa ya faɗi abin da ya kamata a ciro daga maganar: tun da haka ne, ku yi zaman tsarki. Bai ce tun da haka ne ku yi yadda kuka ga dama ba.

Ɗaukewar da ta gani a fim, wadda Kiristoci masu jin Hausa suke kira fyaucewa, ita ce sabuwa. Ayar da ake kafa hujja da ita, 1 Tasalonikawa 4:17, tsohuwa ce, tana maganar masu bi za su taryi Almasihu a sararin sama. Amma tsarin da aka gina a kai, wato a ɗauke masu bi a asirce, a bar sauran mutane cikin shekara bakwai na tsanani, wani mai wa'azi ne John Nelson Darby ya yaɗa shi daga shekarun 1830, sannan wani bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi da Scofield ya fitar a Amurka a 1909 ya kai shi gida-gida. Daga shekarun 1970 fina-finai da littattafan labari na Amurka suka ɗauka: mota tana gudu direba ya ɓace, uwa ta waiga ba jariri, tufafi zube a ƙasa. Abin yana da kyan kallo, yana kuma da ban tsoro, shi ya sa ya shiga zukata fiye da duk wani karatun katekisim, wato darasin koyar da aƙida a coci. Katolika da Otodoks ba su koyar da shi. A nan Gana ya fi ƙarfi a coci-cocin Pentikostal da na Karismatik, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna su ne rukuni mafi girma, kusan kashi 32 cikin ɗari na jama'a, a ƙasar da Kiristoci suka kai kashi 71.

A ganina kuma fina-finan gida sun yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba, kuma ya fi na Amurka taɓa koguna. Ki tuna finafinan Kumawood, wato na Kumasi, da muke kallo a mota ko a shagon aski. Ina boka yake zama? Cikin kurmi. Ina aljanar ruwa take fitowa? Daga kogi. A ƙarshe fasto ya zo da addu'a ya tarwatsa komai. A al'adar Asante ta dā, ƙasa tana da ranar hutunta, Alhamis, ranar Asase Yaa, uwar ƙasa a wajensu, ba a noma. Akwai kurmin da ba a sarewa, akwai kogin da ba a shiga a wasu ranaku. Tsoro ne ya tsare waɗannan wurare. Da wa'azi da fim suka ce duk wannan aikin Shaiɗan ne, tsoron ya tafi, ba a kuwa yi saurin sa wani abu a gurbinsa ba. Saurayin da kakansa ba ya iya yin fitsari a bakin kogi, yau shi ne yake kafa injin haƙar zinariya da ake kira changfan a tsakiyarsa yana wanke zinariya da zaiba. Mu ma a zango kada mu yi saurin nuna yatsa, masu wa'azinmu sun yi irin wannan rusau, kuma 'ya'yanmu suna cikin ramukan nan.

Wannan zargi ba yau aka fara yi wa Kiristanci shi ba. A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya rubuta cewa umarnin da ke Farawa 1:28, na mutum ya mallaki duniya ya yi mulkinta, ya taimaka wajen sa Turawa ɗaukar halitta kamar kayan da aka ba su su cinye. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar yadda aka yi amfani da ayar. Amsar da malaman coci suka bayar ita ce a ci gaba da karatu zuwa babi na 2 aya ta 15, inda aka sa Adamu a gonar Adnin don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Zabura 24 ta buɗe da cewa duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Littafin Firistoci babi na 25 ya umarta a bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai. Mutum ɗan haya ne ke nan. Kin san gidan haya a Aboabo: don an ce mai gida zai rushe ya sake gini wata rana, ba shi ya ba ɗan haya izinin ɓalle ƙofofi ya sayar ba. Akwai ma ayar da ta fi duka zafi, Wahayi 11:18, a cikin littafin nan da masu fim suka fi so, wadda ta lissafa hallaka masu hallaka duniya cikin abubuwan da za a yi ranar shari'a.

Shugabanninsu sun yi magana a fili. Shugaban Otodoks Bartholomew ya ce tun 1997 ɓata halitta zunubi ne. Fafaroma Francis ya fitar da doguwar wasiƙarsa kan muhalli, Laudato si', a 2015, kuma ɗan ƙasar nan, Kadinal Peter Turkson, tsohon babban bishop na Cape Coast, yana cikin waɗanda suka yi aikinta, shi ya gabatar da ita. A watan Oktoba na 2024 Katolikan Accra sun yi tattakin addu'a a kan galamsey, suka miƙa takardar koke ga fadar shugaban ƙasa. Wannan ya biyo bayan sanarwar kamfanin ruwa a watan Agusta cewa laka ta yi yawa a kogin Pra har matatar Sekyere Hemang ta kasa wadatar da Cape Coast da Elmina. Cocin Pentecost ma, duk da yana ɓangaren da ake yawan wa'azin ƙarshen duniya, yana da shirin tsabtace muhalli. Abin da ya rage musu, kuma su kansu suna faɗa, shi ne kuɗin baiko, wato kuɗin da masu bi suke bayarwa a coci. Da wuya fasto ya tsaya ya yi wa'azi a kan kogi alhali wanda ya saya wa coci janareta yana zaune a sahun gaba, kowa kuma ya san inda kuɗin ya fito.

Game da maƙwabciyarki, ina jin ba tauhidi ne ya kai ɗanta Manso ba. Rashin aiki ne da tsadar zinariya, ita kuma uwa ce da take neman abin da za ta kwantar da hankalinta da shi. Idan kika zo mata da ayoyi kamar mai shari'a, za ta kare ɗanta ne kawai. Ku fara daga abin da kuka haɗu a kai: ruwan famfon da ku biyu kuke sha mafi yawansa daga madatsar Barekese yake zuwa, ita kuwa a kan kogin Offin take, zaiba kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana cutar da jariri tun yana ciki, kuma mai ƙona ta don fitar da zinariya shi yake fara shaƙar hayaƙin. Kina da hadisin da ya ce ko alƙiyama za ta tsaya, in akwai dashe a hannun mutum ya dasa shi. Faɗa mata wannan, ki ce kin ji a littafinsu ma akwai makamancinsa, ki roƙe ta ta tambayi fastonta ma'anar Wahayi 11:18 da Farawa 2:15, ta zo ta ba ki labarin abin da ya ce.