Hajiya, Ba Rashin Lilo Ne Ya Kori Yaranki Ba

Wata 'yar kasuwa ta rubuto cewa ta zuba ribar sana'arta ta buɗe makarantar renon yara. Ta fara da yara 40, yanzu saura 24. Ƙanwarta da 'yar yayanta ke koyarwa, ba wadda ta karanci koyarwa a cikinsu. Tana so ta ci bashi ta sayi lilo da kwamfutoci, daga nan ta buɗe reshe na biyu.

Hajiya, ajiye maganar bashin nan. Reshe na biyu kuma kada ma na ƙara ji, na farkon yana zubar da yara.

Kin ɗauki 'yan'uwa don ki rage albashi, a nan kuɗinki ya tsiyaye. Mutane suna ɗauka duk wadda ta iya lallashin jariri ta iya riƙe ajin 'yan shekara uku. Ko kusa. Wadda ba ta da horo ba ta da abin yi sai tsawa da "ku maimaita bayana", tun safe har a tashi. Wadda aka horar ta san yaro ɗan wannan shekarun ta wasa yake koyo, ta san hankalinsa ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, kuma ita ce za ta fara lura da yaron da ba ya ji sosai. Uwa ba ta shiga aji, amma tana ganin ɗanta yana kuka kullum in an ce makaranta.

Shirin Perry, wani shirin makarantar renon yara da aka fara a Amurka a 1962, wanda masanin tattalin arziki James Heckman ya yi ta nazarin ribarsa, da ƙwararrun malamai aka yi shi, kowace na da yara kamar biyar ko shida. Ba na ce ki kai can ba. Amma ki lura inda suka sa kuɗinsu.

Na san wani mai makaranta da ya ɗora matar ƙaninsa a kan aji. Tana zuwa a makare, tana dukan yara, ya kasa buɗe baki don gudun rigimar gida. Kafin ya yi magana, rabin ajin ya watse. Ke ma ki tambayi kanki: za ki iya sallamar ƙanwarki gobe?

Ki lissafa kuɗin makaranta na shekara na yara 16 ɗin nan da suka tafi, ki ajiye kusa da albashin ƙwararriyar malama ɗaya. Araha ba ta ado. A wannan harkar albashi ne ke cin kaso mafi tsoka, sau da yawa fiye da rabi.

Ki ɗauko ƙwararriya ɗaya, ki ba ta shugabancin aji da iko na gaske, 'yan'uwanki su koma mataimakanta. Wadda ke son aikin, ki biya mata kwas bisa rubutacciyar yarjejeniyar za ta yi miki shekara biyu bayan ta gama. Wadda ta ƙi, ki nema mata wuri a shagonki.