Ra'in Kafafen Sadarwa da Ɗaukar Bidiyon Waƙa: Ina Suka Haɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin aikin jarida ne a nan Kaduna, kuma a ƙarshen mako nakan ɗauki bidiyon waƙa ga matasan unguwarmu ta Tudun Wada. A aji ana karantar da mu ra'o'in kafafen sadarwa, amma da zarar na riƙe kyamara sai in rasa inda suka shiga. Shin karatun cin jarrabawa ne kawai, ko akwai yadda zan amfana da su a wurin aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ne cewa ra'i ba zai nuna maka inda za ka kafa fitila ba. Amfaninsa shi ne ya sanar da kai abin da ke faruwa a zuciyar mai kallo sa'ad da hotonka ya isa gare shi, domin a can ne ma'anar bidiyo take kammala.

Bari in fara da teburin tace hoto. Wajen shekarar 1920, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda babu fara'a ko ɓacin rai a cikinta, sai ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, sannan da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce. Ka gwada wannan da kanka. Ɗauki fuskar mawaƙinka a Ƙofar Gamji yana duban Kogin Kaduna bai ce komai ba. Idan ka biyo ta da jirgin ƙasa yana barin tashar Rigasa, mai kallo zai ce rabuwa ce take cin sa. Idan kuwa ka biyo ta da hannun amarya da ya sha lalle, zai ce zumuɗin aure ne. Saboda haka tun kafin ranar ɗauka ya kamata ka san wane hoto ne zai bi wane, maimakon ka tara hotuna barkatai kana fatan kwamfuta ta samar musu ma'ana.

Daga nan sai dangantakar hoto da baitin waƙa, wadda masanin Ingila Andrew Goodwin ya yi nazari a kanta a 1992. A taƙaice, hoto yana iya maimaita abin da waƙa ta faɗa, ko ya faɗaɗa shi, ko ya saɓa masa da gangan. A ganina, yawancin bidiyoyinmu sun maƙale a na farko: mawaƙi ya ce zuciya, ya dafa ƙirji; ya ce mota, a nuna mota; ya ce hawaye, a ɗiga masa ruwa a ido. Wannan asara ce, domin waƙar Hausa ta riga ta zo da nata hotunan a cikin kirari da habaici da zambo. Idan mawaƙi ya kira ubangidansa giwa, kai kuma ka nemo hoton giwa ka liƙa, ka kashe kirarin, ka kuma raina hankalin mai sauraro. Faɗaɗawa ta fi wahala, amma ita ke sa a sake kallo. A ce waƙar yabon uwa ce: maimakon mawaƙi ya tsaya yana share ƙwalla, ka nuna hannun wata dattijuwa da asuba tana tsame ƙosai daga mai, sannan ka nuna ta tana kwance bakin zane tana ƙirga wa yaro kuɗin makaranta. Baitin bai ambaci ƙosai ba, amma duk wanda aka yi rainonsa da kuɗin suyar ƙosai zai ji abin har cikin ransa. Haka kuma yanke hoto ya riƙa bin bugun kiɗa, kuma duk lokacin da amshi ya dawo, yana da kyau wani hoto da aka sani ya dawo tare da shi.

Ra'in da na fi so ka riƙe shi ne na Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya yi aiki a Jami'ar Birmingham. A 1973 ya bayyana cewa mai shiri yana ƙulla saƙo, mai kallo kuma yana kwance shi da abin da ya taso a ciki, don haka wani ya karɓa yadda aka nufa, wani ya karɓi rabi ya ajiye rabi, wani kuma ya juya masa ma'ana gaba ɗaya. Da wuya ka sami garin da ya fi Kaduna dacewa da gwada wannan magana, domin bidiyo guda za a kalle shi a Kawo da Rigasa, a kuma kalle shi a Barnawa da Sabon Tasha, a tsakanin mutane masu addini da harshe da al'ada daban-daban. Rawar saurayi da budurwa, wadda masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka nuna tasirin finafinan Indiya a kanta, ado ce a wurin wani, a wurin wani kuma rashin kunya ce, kuma irin wannan saɓanin fahimta yana cikin abin da ya kai ga kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001. Shawarata ita ce, kafin ka saki aiki, ka nuna shi ga mutum uku: sa'anka, da mahaifiyarka ko wata babba a gida, da wani wanda Hausarsa ba ta nuna sosai ba. Ka tambaye su abin da suka gani, ka yi shiru, kada ka kare kanka. (A nan ne ma tambayar da masaniyar fim ta Ingila Laura Mulvey ta tayar a 1975 take shigowa: idan kyamara ta daɗe a jikin mace, da idon wa take kallo?)

Saura maganar Marshall McLuhan na Kanada, wanda a 1964 ya yi nuni da cewa kafar da saƙo ya bi tana sauya saƙon kansa. Lokacin da MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙa, ta fara aiki a Amurka a 1981, don akwatin talabijin ake shirya bidiyon waƙa. Naka kuwa a wayar hannu za a kalle shi, sau da yawa a cikin Keke Napep ko a teburin mai shayi, kuma babban yatsa yana jiran ya wuce da shi cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ka ɗauki mahaya dawaki daga nesa a Dandalin Murtala, a fuskar waya za su koma kamar tururuwa, don haka ka matso kusa da fuska da hannu da linzami. Idan kuma aikin zai hau YouTube da TikTok duka, ka ɗauki muhimman wurare sau biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, domin yanke gefen hoton kwance daga baya yakan bar mawaƙi shi kaɗai, ya zubar da 'yan amshi.