Kidinafin a bakin Bature, ɗan Japan da ɗan Tailan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce daga Tudun Wada nan Kaduna. Mun yi musu da ƙawayena kan kidnap da abduction, wai duk abu ɗaya ne? Sannan yayana mai zuwa Bankok saro kaya ya ce su ma suna da kalmarsu, to Japan fa, ko mu kaɗai abin ya dama?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai duk wanda ke garin nan tun harin jirgin ƙasan Abuja na Maris 2022 da ɗaliban Kuriga a 2024 ba sai an fassara masa garkuwa da mutane ba, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Kidnap ɗin nan haɗi ne, kid yaro, nap fizgewa, ta fito a Ingila wajen shekarun 1680 lokacin da ake satar yara ana lodawa a jirgin ruwa ana kai su gonakin Amurka aikin wahala, kin ga tun asali kasuwanci ne da ɗan Adam. Abduction kuwa daga Latin take, tafiya da mutum ba da son ransa ba, ko babu maganar kuɗin fansa.

Japanawa su ma suna rarrabewa. Yukai shi ne a yaudari mutum a tafi da shi, kamar a ce wa yaro zo mamanka na kira. Rachi kuma da ƙarfin tsiya ne, kuma wallahi kalmar na da zafi a wurinsu, don ana faɗinta sai su tuna mutanensu da Koriya ta Arewa ta sace a shekarun 1970 da 1980, cikinsu har da Megumi Yokota, 'yar shekara 13 da aka ɗauke a Niigata a 1977 tana dawowa daga makaranta. Sai a 2002 Kim Jong Il, shugaban Koriya ta Arewa na lokacin, ya amsa laifin, mutum 5 suka dawo gida, ita ba ta cikinsu.

Na Tailan, yayanki ya yi gaskiya, lak pha tua suke cewa: lak sata, pha tafiya da, tua jiki. Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce um, asalinta ɗaukar jariri a hannu, sai ta koma nufin a ɗauke mutum ya ɓace babu gawa babu labari, kuma yawanci masu kaki ake zargi. Haka aka yi wa wani lauya Musulmi, Somchai Neelapaijit, a Bankok a Maris 2004, yana kare Musulmin kudancin ƙasar a kotu, har yau iyalinsa ba su gan shi ba. Don haka ki gaya wa yayanki in ya ji ana um a kasuwa ya duba da kyau ko maganar goyo ake ko ta mutum ce ta ɓace.